KEK ƊIN RIƊI: GASHIN GIDA DA ALBARKAR GONAKIN ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin koyon girki irin na Turawa, ko ya kalli shirin girke-girke a wayar hannu, ba zai rasa ganin wani nau'in kek da ake gasawa a gida ba, dogo kamar sandar burodi, cikinsa ɗigo-ɗigo da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, samansa kuma yana sheƙi saboda ruwan zaƙin da aka kwarara masa. Ɗalibai mata masu koyon tattalin gida a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, da matan ma'aikata, sukan yi sha'awar gwada shi, musamman idan salla ta matso ko ana shirin suna ko biki. To, amma da zarar an nufi kasuwa sai sha'awar ta koma ciki, domin ko an zaga kasuwar Ƙanƙara da ta Sheme da ta Sabuwa rumfa-rumfa, da wuya a sami mai auna waɗannan 'yan ƙwayoyi. Daga nan sai a rufe littafin a ajiye, a ce abin na masu hali ne.

Alhali kuwa wannan shi ne rashin sanin da ya sa kaza ta kwana a kan dami. In aka cire fulawa da 'yar hodar da ke tayar da kwaɓi, babu abin da wannan kek yake bukata wanda gonaki da fadamu da rugagen kudancin Katsina ba su samar da shi ko da madadinsa ba. Bugu da ƙari, dabarun da ake bi wajen yin sa ba baƙi ba ne a madafin Bahaushiya. Ta daɗe tana aiki da su a alkaki da waina da kantu, sunan ne kawai ya bambanta.

'YAN ƘWAYOYIN DA BABU A KASUWA

Waɗannan baƙaƙen ƙwayoyi 'ya'yan wani tsiro ne mai kyakkyawan fure wanda Turawan Ingila suke kira popi, Larabawa kuma suna ce masa khashkhash. Ana noma shi da izinin hukuma a ƙasashe irin su Turkiyya da Jamhuriyar Cek da Hangari, kuma mutanen tsakiyar Turai da na gabashinta suna cin 'ya'yan sosai a burodi da kayan zaƙi na bukukuwansu. Haka nan mutanen Bengal ta ƙasar Indiya sukan niƙa su su yi miya. Ba su da wani ɗanɗano mai ƙarfi. Abin da ake so a jikinsu shi ne ɗan gardi, da ƙaras-ƙaras ɗin da suke yi a baki.

Sai dai wannan tsiro yana da wata fuska. Daga ƙaron da ke fita a jikin kwansonsa ake sarrafa morfin da kodin, waɗanda likitoci suke aiki da su, da kuma muguwar ƙwayar nan ta hiroyin. Mutanen ƙasar nan ba su manta da ɓarnar da kodin ya yi wa matasa ba, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Su 'ya'yan popi ɗin ba su bugarwa kamar ƙaron, amma wajen girbi yakan ɗan shafe su, ta yadda wanda ya ci su da yawa za a iya gwada fitsarinsa a ga alamar ƙwaya, shi kuwa bai sha kome ba. Saboda haka ne a watan Fabrairu na 2023 Ma'aikatar Tsaro ta Amurka ta gargaɗi sojojinta da su guji cin abincin da aka sa su a ciki. Ƙasashe irin su Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Singafo kuwa sun hana shiga da su. Ke nan alhaji ko ɗan kasuwa ko ɗalibin da ke karatu a waje, bai kamata ya jefa ƙunshinsu a jakarsa da sunan tsaraba ba. Ma'aikacin da ake iya nema ya yi gwajin ƙwaya, shi ma ya kamata ya san da wannan.

Rashin popi a kasuwannin ƙasar nan, ashe, ba asara ba ce. Akwai riɗi, wanda ya fi shi ƙamshi, ga shi babu wata doka da ta hau kansa.

BURODIN DA BA YA JIRAN KUMBURI

Turawa suna sanya wannan kek, wanda dattawa suka fi sani da kyat, a cikin jerin abin da suke kira burodin gaggawa. Dalili shi ne ba a sa masa yis. Burodin da aka saba saye a shago, da gurasar Kano, da funkaso, duk sai an kwaɓa an rufe an jira awoyi kafin yis ya ci zaƙin da ke cikin kwaɓin ya fitar da iskar da ke kumbura shi. Shi kuwa wannan, da an gama haɗawa sai wuta.

Sirrin abin yana cikin haɗuwar tsami da sinadari mai kashe tsami. Duk matar da ta taɓa zuba ruwan kanwa a ƙullun waina da ya yi tsami, ta ga yadda yake kumfa yana tasowa, ta riga ta ga wannan aiki da idonta. Kumfar nan iskar kabon ce, kuma ita ce take shiga cikin kwaɓi ta buɗa shi ya yi laushi kamar soso. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi, a wajen masana sinadarai, 'yar'uwar sodar gashi ce ta kusa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne, a 1843 wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa sodar da busasshen tsami a hoda guda, domin matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Wannan ita ce bekin hodar da ake sayarwa a gwangwani a yau. Tana zaune lafiya muddin a bushe take. Da ta ji ruwa sai ta fara aiki, da ta ji zafi kuma sai ta ƙarasa.

Wata za ta ce, to, me zai hana a sa kanwa kurum a huta? Amsa ita ce ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne. Ungurnu daban, jar kanwa daban, kuma ko a cikin dunƙule ɗaya wani gefen ya fi wani kaifi. A waina mai suya tana ɗanɗana ƙullun ta gyara, a kek kuwa sai an gasa ake sanin an yi kuskure. In ta yi yawa, kek ɗin zai yi duhu ya yi ɗanɗanon sabulu. Saboda haka bekin hoda ta fi aminci ga mai koyo.

RIƊI DA MAZARƘWAILA

Riɗi tsohon amfanin gona ne a ƙasar Hausa. Ana yin kantu da shi, ana miya, ana matse mansa, domin kusan rabin nauyin ƙwayarsa mai ne. Ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, kuma yana jure ƙasar da ba ta da ƙarfi sosai. Manomi yakan yanke shi tun kwansonsa bai fashe ba, ya jingine shi a tsaye ya bushe, sa'an nan ya kakkaɓe a kan tabarma ko leda. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen duniya masu noma shi, jihohin Jigawa da Nasarawa da Binuwai suna kan gaba, kuma mafi yawan abin da aka noma fitar da shi ake yi zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Abin mamaki shi ne, riɗin da ake barbaɗawa a kan burodi a manyan biranen duniya mai yiwuwa daga gonar wani talakan ƙasar nan ya fito, amma 'yar manomin tana ganin ba ta da abin da za ta ƙawata kek ɗinta da shi.

Ita kuwa mazarƙwaila, sukarin gida ce. A fadamun kudancin Katsina da na arewacin Zazzau, musamman wajen Maƙarfi, ana matse rake a injin da doki ke juyawa, a dafa ruwan a manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Da yake ba a tace ta kamar farin sukari ba, tana riƙe da launinta da wani ƙamshi mai kama da na zuma, wanda yake dacewa da soyayyen riɗi ƙwarai da gaske.

KAYAN HAƊI

Awon da ya fi sauƙi a kowane gida shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Domin kek guda wanda zai ishi mutum 8 zuwa 10, ana bukatar fulawa gwangwani 4, sukari gwangwani 1 da rabi, man gyaɗa gwangwani 1, kindirmo gwangwani 1 da rabi, ƙwai 3, riɗi rabin gwangwani, bekin hoda ƙaramin cokali 2, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Domin ruwan zaƙin da za a kwarara a sama, ana bukatar dakakkiyar mazarƙwaila rabin gwangwani, ruwan lemun zaƙi guda 1, ruwan lemun tsami guda 1, da soyayyen man shanu babban cokali 1.

Aikin farko shi ne gyaran riɗi, kuma a nan ne mai garaje take faɗuwa. Da yake a ƙasa ake kakkaɓe shi, ba ya rabuwa da yashi. Sai a sheƙe shi a faifai, a wanke, a rege shi a ƙwarya kamar yadda ake rege shinkafa, a shanya a kan tsabtataccen zane ya bushe sarai. Bayan nan a zuba shi a busasshen kasko a kan wuta maras ƙarfi, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa, har ya fara tsalle yana ƙamshi. Da ya soma sauya launi sai a juye shi a faranti nan take, domin in aka bar shi a kaskon zai ci gaba da soyuwa ya yi ɗaci.

Sai a tankaɗe fulawa da bekin hoda da gishiri a wuri guda, a zuba riɗin a gauraya, amma a rage babban cokali 1 na barbaɗawa a ƙarshe. A wani kwano daban a fasa ƙwai, ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin kofi kafin a juye, don kada ɓatacce guda ya lalata sauran. A zuba sukari a buga da maburgi har ya narke, a kawo mai da kindirmo a ƙara bugawa. Daga nan sai a juye mai ruwan a kan garin, a juya da muciya a hankali, daidai gwargwadon yadda garin zai ɓace, a tsaya.

Wannan tsayawa tana da dalili. A cikin fulawar alkama akwai wani sinadari da yake yin danƙo idan ya ji ruwa aka kuma yi ta bugunsa. Mai funkaso danƙon take nema, shi ya sa take bugun kwaɓinta har hannu ya gaji. Mai kek kuwa gudunsa take yi, domin in ya yi yawa kek ɗin zai fito da tauri, cikinsa da ramuka. Ko an ga 'yan gudaji ƙanana a kwaɓin, kada a damu, wuta za ta baje su. Kuma kada a haɗa kwaɓi sai wuta ta kama, domin hodar ta fara aiki tun daga lokacin da ta ji ruwa, in aka daɗe iskar za ta fice a banza.

GASHI A TUKUNYAR YASHI

Wadda take da murhun gashi na gas ko na lantarki, sai ta sa shi a maki 180 na ma'aunin santigired, ta gasa na minti 50 zuwa 60. Amma yawancin gidajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da gawayi ko itace suke girki, kuma wannan bai hana kome ba. A sami babbar tukunya mai murfi, a zuba mata wankakken yashin rafi busasshe, kaurin yatsu 3, a rufe a ɗora a kan gawayi kamar minti 15 ta yi zafi. A shafe gwangwanin gashi, ko ƙaramar tukunyar alminiyam, da mai, a barbaɗe da fulawa, a zuba kwaɓin kada ya wuce kashi 2 cikin 3 na zurfinsa. A jera ƙananan duwatsu 3 a kan yashin a ɗora gwangwanin a kansu, a rufe, sa'an nan a ɗebo garwashi kaɗan a baza a kan murfin, domin zafi ya zo ta sama da ta ƙasa.

Wutar ƙasa ta zama mai sauƙi. Kada a buɗe tukunyar kafin minti 35, ko da ƙamshi ya cika gida, domin iska mai sanyi tana sa tsakiyar kek ta faɗa, balle a lokacin hunturu. Bayan nan a soka tsinke mai tsabta a tsakiya; in ya fito babu ɗanyen kwaɓi a jikinsa, kek ya gasu. Tsagewar da yakan yi a sama ba aibu ba ce, haka irinsa yake yi.

RUWAN ZAƘI

Yayin da kek ɗin yake kan wuta sai a haɗa ruwan zaƙinsa. A zuba mazarƙwaila da ruwan lemun duka biyu a ƙaramar tukunya, a ɗora a wuta kaɗan har ta narke, a tace da rariya saboda 'yan ɓaraguzan rake, a mayar a sa man shanu, a bari ya tafasa na minti 2 ko 3. Wadda ta iya alkaki ta san amfanin lemun tsami a nan: shi ne yake hana ruwan sukari komawa tsakuwa-tsakuwa idan ya huce, kuma yana rage nauyin zaƙin a baki.

Idan an sauke kek a bar shi minti 10 a cikin gwangwaninsa, sa'an nan a tsattsaga samansa da tsinke, a riƙa zuba ruwan zaƙin da cokali kaɗan-kaɗan, ana jira yana shanyewa. Lalle ne kek ɗin ya kasance da ɗumi. In ya huce ruwan zai tsaya a sama ya gangare, in kuma da zafi ƙwarai zai jiƙe ya ɓarɓashe. A ƙarshe a barbaɗa riɗin da aka rage, a bar shi ya huce sarai kafin a yanka. A lokacin sanyi yakan yi kwana 3 a rufaffen kwano, a bazara kuwa bai kamata ya wuce kwana 2 ba, saboda ƙwai da nonon da ke ciki.

FULAWAR WAJE, GONAKIN GIDA

Abin da ya rage shi ne fulawa, kuma ita ce mai cin kuɗin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje ake sayo ta. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Bakolori a 1978, da fatan noman rani zai wadata ƙasa da alkama, har ma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita a 1987, amma a 1992 aka janye hanin domin abin da ake nomawa a Kadawa da sauran wurare bai kai ko kusa da bukata ba. Saboda haka lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, da kuma lokacin da darajar naira ta faɗi a 2023, mai tuyar fanke a tashar Ƙanƙara ta ji a jikinta. Farin sukarin ma, yawancinsa ɗanyen sukarin Barazil ne ake tacewa a Ikko.

Akwai hanyar rage wannan nauyi. Yankin Funtuwa, wanda Faskari da Sabuwa suke cikinsa, rumbun masara ne. Idan aka cire gwangwani 1 daga cikin 4 na fulawa aka mayar da lallausan garin masara da aka tankaɗe sau biyu, kek ɗin zai tashi, zai ma ƙara gardi. In aka wuce haka ne yake fara rugurgujewa, domin masara ba ta da danƙon da ke riƙe kwaɓi. Haka kuma ana iya raba sukarin cikin kwaɓin biyu, rabi fari rabi mazarƙwaila. Ta haka yawancin kuɗin da aka kashe zai tsaya a hannun manomin masara da mai riɗi da mai rake da mai man gyaɗa da Bafillatana mai tallan nono.

To, sai dai duk wannan lissafi ya dogara ne a kan manomi ya iya zuwa gonarsa, mai nono kuma ta iya shigowa gari. Waɗannan ƙananan hukumomi 3 suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kuma sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su ranar 17 ga watan. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan 3. A watan Satumba aka katse layukan waya a yankin na ɗan lokaci. A waɗannan shekaru an bar gonaki da dama babu shuka, iyalai da yawa sun yi ƙaura zuwa Funtuwa da Malumfashi da Katsina, kuma mata da dama sun wayi gari su ne masu ciyar da gida.

Ga irin waɗannan mata, da matar ma'aikacin da albashinsa ba ya kai ƙarshen wata, da ɗalibar da take neman kuɗin littafi, sana'ar da ba ta bukatar fiye da tukunya da yashi da gwangwani ba abin rainawa ba ce. Kek guda yana ba da yanka 10 ko fiye, kuma masu shayi da masu biki ba su daina nema ba. Malaman tattalin gida a makarantu za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa koyar da girkin da kayan da ɗaliba za ta samu a kasuwar garinsu, da awon da ta sani, da irin murhun da uwarta take da shi. Ofisoshin kula da harkokin mata na ƙananan hukumomi su ma suna da rawar da za su taka a azuzuwan koyon sana'a.

Wadda ta gwada karo na farko ta ga ƙasan kek ya ƙone, sai ta ƙara yashi ta rage wuta. Wadda ta ga tsakiyarsa ta faɗa, ta san ta yi saurin buɗe murfi. Wadda ta ji ɗaci, riɗinta ne ya wuce soyuwa. Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu, Ya sa albarka a abin da suka shuka, amin.